A bar ɗan sakandare ya koyi sana'a a wurin masu ita

A shekarar 2011 aka shigar da sana'o'i 34 cikin manhajar babbar sakandare a Najeriya, aka ce kowane ɗalibi ya zaɓi guda. Niyyar mai kyau ce, amma a makarantun gwamnati da dama a kan allo ake koyar da su. Yaro zai haddace sunayen sassan keken ɗinki alhali bai taɓa taka shi ba. Haka aka yi da tsarin 6-3-3-4, inda injunan da aka shigo da su suka yi tsatsa cikin akwatuna saboda rashin wuta da malamai.

Abin da makaranta ta rasa yana nan a kasuwa: maƙera da masu walda a Panteka ta Kaduna, masu gyaran waya a Farm Centre ta Kano, teloli a kowace unguwa. Iyaye sun daɗe da gane haka, shi ya sa yaro ke tuɓe kayan makaranta da azahar ya wuce gareji. Matsalar ita ce makaranta ba ta san da ogansa ba, ogan kuma bai san da jarrabawarsa ba. Da aiki ya yi yawa, ko yaro ya ɗanɗana kuɗin sallama, aji ne ke shan kashi.

A Ostareliya an ɗinke wannan ɓaraka. Ɗalibin da ke shekarun ƙarshe na sakandare yana ƙulla yarjejeniya da mai sana'a, da amincewar iyaye da makaranta. Yana zuwa aiki kwana ɗaya ko biyu a mako, ana biyan sa, horon kuma yana shiga cikin sakamakon kammala karatunsa.

Jihohin Arewa za su iya yin irin haka ba tare da gina sabon bita ko ɗaya ba. A yi wa ƙwararru rajista ta hannun ƙungiyoyinsu, har da mata masu ɗinki domin 'yan mata. A ware kwana ɗaya a mako, malami ya riƙa kai ziyara, a ba da maki. Hukumar NBTE da ke Kaduna tana da tsarin ba da shaidar ƙwarewa ga wanda ya koyi aiki a wajen aji, sai a haɗa ɗaliban da shi.

Masu fargabar za a bautar da yara suna da hujja. Sai dai yanzu ma yaran suna gareji, babu mai duba su. Yarjejeniya ce za ta ƙayyade awannin aiki, ta hana zuwa shago lokacin jarrabawa, ta kuma soke rajistar ogan da ya mayar da yaro ɗan aike.

Muddin ba a yi haka ba, za a ci gaba da tilasta wa ɗan talaka ya zaɓi ɗaya, ko takarda ko abin yi, alhali duka biyun yake buƙata.