Sharhi: Hazon Hunturu da Zirga-zirga a Hanyoyin Katuru, Shinkafi da Zurmi

A ƙasashen Turai da Amurka, ƙanƙara ce ke sauka a lokacin sanyi, kuma ko da kaɗan ta zuba, takan sa motoci sulɓewa a kan titi. Mu a nan arewacin Jihar Zamfara ba mu san ƙanƙara irin wannan ba, amma muna da namu baƙon na shekara-shekara, wato hazon hunturu. Daga watan Nuwamba zuwa Maris, iskar arewa maso gabas kan kwaso ƙura daga hamadar Sahara, musamman kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta lulluɓe garuruwanmu da ita.

Abin da muke son jawo hankalin jama'a a kai shi ne, hazo mara kauri ya fi shammatar mutane. Ranar da ya yi duhu sosai, kowane direba kan shiga taitayinsa. Ranar da ya yi dama-dama kuwa, sai a raina shi, alhali ya rage nisan da ido ke hangowa. Mai babur da ya fito daga Katuru da asuba, ya rufe fuska da rawani saboda sanyi, ba lalle ne ya hango amalanke ko garken shanu ba sai ya zo dab da su.

Lamarin ya fi tsananta ranar Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, lokacin da motocin hatsi da na dabbobi ke cika hanyar Kaura Namoda. Haka nan hanyar Kaura zuwa Zurmi har Jibiya. Ga kuma matsalar tsaro da ta addabi yankin a shekarun nan, wadda ta sa matafiya ke gudun tafiyar dare. Safiya hazo da sanyi, yamma fargaba. Sa'o'in tafiya sun taƙaita, direba kuma na son ya yi sawu biyu. Daga nan ake samun gudun wuce kima da lodin da ya fi ƙarfin mota.

Illar ba ta tsaya a kan titi ba. Ƙura da busasshiyar iska kan tayar da mura, tari da asma, kuma a irin wannan lokaci ne sanƙarau ke yaɗuwa. Ba mu manta da annobar da ta ɓulla a jihar nan a ƙarshen 2016, ta kuma ci rayuka da dama a 2017 ba. Jinkirin kai majinyaci asibiti daga ƙauye na iya zama sanadin rasa shi. Sannan ga gobara daga wutar jin ɗumi, wadda kan cinye rumbuna bayan an gama girbi.

Saboda haka, muna kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi da su tabbatar fitilun mota da burki na aiki kafin a bar tasha. Shugabannin ƙananan hukumomin yankin su haɗa kai da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa wajen faɗakarwa a ranakun kasuwa. Hakimai, dagatai da limamai su tunatar da jama'a a kashe wuta kafin kwanciya, a kuma gaggauta kai mai zazzaɓi da sanƙarewar wuya asibiti. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya tsare mu, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya.