Martani ga masu kushe amfani da mataimakin na'ura wajen rubuta ƙa'idar API

Tun da GitHub Copilot ya fito a 2021 wasu tsofaffin hannu a harkar rubuta manhaja suke maimaita zargi guda: wai sakaci ne a bar mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira ya rubuta takardar ƙa'idar API, balle ya ci gaba da sabunta ta. Ba su nake nema su sauya ra'ayi ba. Da masu karatu nake magana, musamman masu kamfanoni da ɗaliban da ake tsoratarwa da wannan batu.

API ita ce ƙofar da wata manhaja ke bi ta nemi abu a wajen wata. Takardar ƙa'idarta kuwa ita ke fayyace adireshin kowace buƙata, abin da za a aika, da amsar da za a samu. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne OpenAPI, wanda ya samo asali daga Swagger na Tony Tam, aka miƙa shi ƙarƙashin Linux Foundation a 2015.

Masu zargin suna cewa na'urar tana ƙirƙiro abin da babu shi. Tana yi, kuma babu mai musun haka. Abin da suke ɓoyewa shi ne cewa takardar OpenAPI ba labari ba ce da sai mutum ya karanta ya gaskata. Fayil ne na YAML ko JSON da wata na'urar ke iya tantancewa. Spectral yana bincikar tsarinsa. Schemathesis yana ɗaukar takardar ya aika wa sabar buƙatu iri-iri, ya nuna duk inda amsa ta saɓa wa abin da aka rubuta. Idan mataimakin ya ƙago adireshin da babu shi, sabar za ta amsa da 404, ƙarya ta ƙare tun kafin aikin ya bar ofis. Masu zargin sun san waɗannan kayan aiki sarai. Shirun da suke yi a kansu ba mantuwa ba ce.

Sai su ce hannun mutum ya fi aminci. A tambaye su yaushe rabon da takardunsu na hannu su yi daidai da manhajar da ke aiki. Tsohon ciwon wannan sana'a ke nan: a ƙara fili a manhaja ranar Litinin, a ce za a gyara takarda gobe, goben ba ta zuwa. Wanda ke haɗa manhajarsa da taka daga wani kamfani shi ke kwana yana neman dalilin da ya sa filin da aka ce ba dole ba ne ya zama dole. Mataimakin na'ura yana iya karanta sauyin da aka yi ya kawo gyaran takarda a lokaci guda, a duba su tare. Mutumin da ya bar takarda ta tsufa shi ne yau ke kiran mai sabunta ta malalaci.

Wani abin mamakin, yawancinsu sun daɗe suna barin na'ura ta fitar musu da wannan takarda. FastAPI yana samar da ita kai tsaye daga manhaja, haka ma springdoc ga masu aiki da Java. Ba a ji sun kira wannan sakaci ba.

Game da fallasa sirri, sukan kawo misalin Samsung, wanda ya taƙaita wa ma'aikatansa amfani da irin waɗannan kayan a 2023 bayan wasu sun zuba bayanan cikin gida a ChatGPT. Lamarin ya faru. Amma abin da aka zuba can sirrin kamfani ne, ita kuwa takardar API galibi don a ba wasu ake rubuta ta. Stripe da GitHub duk sun baje tasu a fili ga kowa. A nan gida, Babban Bankin Najeriya ya fitar da jagororin aiwatar da buɗaɗɗen tsarin banki a Maris 2023, tsarin da ginshiƙinsa shi ne cibiyoyin kuɗi su yi musayar bayanai ta API bisa ƙa'ida ɗaya. Wanda ya liƙa mabuɗin sirri ko bayanan abokan ciniki a akwatin hira, laifin nasa ne, kuma ko da imel ne zai iya yin irin wannan ɓarna.

Sai batun kulawa ta dogon lokaci, wai na'ura ba ta san tarihin aiki ba. Ga misali a kusa. A fitowar OpenAPI ta 3.0 ta 2017, idan fili zai iya zama fanko sai a rubuta `nullable: true`. Da 3.1 ta zo a 2021 ta daidaita da JSON Schema, sai aka soke wannan, aka koma jera `null` cikin nau'in filin. Duk wanda ke da takarda mai ɗaruruwan filaye ya san irin gajiyar da ke cikin wannan ƙaura, kuma a irin wannan aikin maimaici ne idon mutum ke tsallake layi. Mataimakin zai yi sauyin, oasdiff kuma ya kwatanta tsohuwar takarda da sabuwa ya nuna duk abin da zai karya manhajar masu hulɗa da kai.

Akwai wuri ɗaya da gwaji ba ya kaiwa, kuma abin lura ne cewa masu zargin ba su cika ambatonsa ba, domin ya shafe su su ma. Paystack yana karɓar adadin kuɗi ne a kobo: Naira 500 ita ce 50000. Idan mataimaki ya rubuta a bayanin fili cewa naira ce, Spectral ba zai ce uffan ba, tunda lamba lamba ce. Nan ne aikin injiniya yake: ya karanta ma'ana, ya sa hannu, sunansa ya zauna a tarihin Git. Tambayar wa zai ɗauki alhaki, wadda suke ɗagawa kamar ba ta da amsa, amsarta tana nan a rubuce kusa da kowane sauyi, da suna da kwanan wata.