Muryoyin Fiyano Ƙidayayyu Ne

Mawaƙi zai taso daga Gummi ko Bukkuyum da waƙar biki a aljihu, ya biya kuɗin mota zuwa Gusau ko Kano, ya biya kuɗin situdiyo, a ba shi kiɗan da sarewarsa ke yankewa a tsakiyar amshi, bes yana ɓacewa daidai inda ya kamata ya yi nauyi. In ya yi ƙorafi sai mai haɗa kiɗan ya ce fiyanon ce ta tsufa, sai an sayo babba. An bar jaki ana dukan taiki.

Kowace irin wannan na'ura tana da adadin muryoyin da take iya fitarwa a lokaci guda, kuma kamfani ya rubuta shi a littafinta. Korg M1 ta 1988 tana da 16. Triton ta 1999 tana da 62. Ƙananan Yamaha irin PSR-E463 suna da 48, PSR-S950 kuwa 128. Ƙa'idar General MIDI ta 1991 ba ta wajabta fiye da 24 ba, a raba su ga layuka 16. Abin da mai shago ba ya gaya wa mai saye shi ne, murya ɗaya ba ta nufin maɓalli ɗaya.

Sautin da aka ɗauka a sitiriyo yakan ci murya biyu a kowane maɓalli, hagu da dama. Sautin tarin goge mai kauri, wanda masu kiɗan fim ke so, yana iya zama sauti huɗu ne a liƙe. A danna maɓalli huɗu tare, 16 sun tafi. A taka fedar riƙe sauti a sauya hannu kafin na farko su mutu, an kai 32, wato rabin na'ura mai 64 ya ƙare a layi guda, ba a ko taɓa ganga ba. Sannan a kunna kiɗan rakiya na Yamaha, wanda shi kaɗai layi takwas ne. Idan muryoyi suka ƙare na'ura ba ta tsayawa ta yi gargaɗi, sai ta kashe wata ta ba sabuwa wuri, kuma galibi wadda ta fi daɗewa tana ƙara take kashewa. Wace ce ta fi daɗewa? Dogon jan sarewa ko algaita, da bes ɗin da ke riƙe da gindin waƙa. Kwalliya ce ke cinye ginshiƙi.

Masu kare wannan ɗabi'a sukan ce kunnen zamani kiɗa mai cika yake so, tun daga waƙoƙin fim irin na Sangaya a 1999. Cika ba laifi ba ce. Amma wanda ya jibga goge uku a kan juna, ya ƙara fiyano biyu suna faɗin abu ɗaya, bai cika komai ba, domin a lasifikar waya, inda mafi yawan mutanen Anka za su saurari waƙar, dukansu sun narke sun zama gunji ɗaya. In kauri ake nema, amsa-kuwwa da sauran kayan gyaran sauti suna bayarwa ba tare da sun ci ko murya guda ba.

Abin takaicin shi ne ƙasar Zamfara ta san maganin tun kafin wutar lantarki. A saurari Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991, ko Sa'idu Faru. Kotsanni ƙalilan ne da 'yan amshi, amma kowa ya san lokacin shigarsa: jagora ya ɗauko baiti, a ba shi fili, ya dire 'yan amshi su karɓe. Ba wanda ke taka wani. Mai jera kiɗa a na'ura shi ne shugaban irin wannan ƙungiya, sai dai yawancinsu sun bar kowa yana magana lokaci guda.

Gyaran kuwa aikin rabin yini ne. A mai da bes da sarewa su zama masu murya ɗaya, tun da a zahiri ma ba mai busa sauti biyu a numfashi guda. A gajarta wutsiyar gogen da ke ci gaba da jan murya bayan an ɗaga hannu. A duba layin ganga a share bugun da ya hau kan ɗan'uwansa wajen maimaita ɗauka, domin kowane yana cin rabonsa ko da kunne bai bambance su ba. Na'urorin Roland irin JV-1080 suna ba da damar keɓe wa kowane layi kasonsa da ba mai taɓa shi, sai a fara da ganga da bes. Wanda ke da kwamfuta kuwa, ya ɗauki layin goge a Cubase ya zama sauti gamamme, na'urar ta samu sararin sauran.

Wanda bai koyi wannan lissafi a kan muryoyi 64 ba, in ya ci bashi ya sayi Genos mai 256, zai ƙara layi ne har ta sake cika, kuma mawaƙin Gummi ne zai biya bashin a kuɗin situdiyo na gaba.