Yawon Sallah da yara: ta wace hanya?

Duk Sallah sai TikTok ya cika da bidiyon yara kan lilo a Abuja ko a Gidan Zoo na Kano, ƙannenmu na Gusau su dame mu da naci sai an kai su. To, ta ina? Mota sai ta ratsa Tsafe zuwa Funtuwa, hanyar da direbobi ke gudun bi da yamma saboda 'yan bindiga. Ga kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi tun cire tallafin fetur a 2023. Mai 'ya'ya huɗu dole ya haƙura.

Alhali ga Dutsen Kwatarkwashi nan a Bungudu, kusa da gida. Da gwamnati za ta tsare wurin, ta kafa lilo da rumfuna, da yara sun wuni can sun dawo kafin magariba.