Cinikin Biri a Sama: A Daina Sayen Kwamfutar Gem Saboda Fitilunta



Makon jiya ɗan ƙanena ya shigo gidana a Agege da kwamfuta a kafaɗa, fuska a murtuke. Yaro ne mai zuciyar nema. Da rana yana taya babansa tsaron shago, da dare yana koyon haɗa bidiyo, in ya samu sarari kuma ya buga gem ɗin ƙwallo da abokansa. Kusan shekara guda ya yi yana tari, har adashi ya shiga, sannan ya je wani shago a nan Legas ya sayo abin da aka ce masa haɗaɗɗiyar kwamfutar gem ce, sai dai ka jona wuta ka hau bugawa. Akwati mai gilashi, fanka uku a gaba suna juyi da ja da shuɗi da kore kamar motar kai amarya. A jikin takardar an rubuta Core i7, RAM giga 16, katin hoto giga 8. Ba ta cika wata biyu ba ta fara ɗaukewa da kanta da zarar wasa ya ɗau zafi.

Na kwance noti na cire murfin. Maganar i7 gaskiya ce, ba su yi masa ƙarya ba. Sai dai i7-4770 ne, wanda ya fito tun 2013, lokacin yaron yana firamare. Madabod ɗin, wato farantin da komai ke hawa kansa, sa'an furosesar ne a tsufa. Katin hoton RX 580 ne da ya ci duniya, fankarsa ɗaya tana ƙara kamar injin markaɗe. Akwatin wutar kuwa ba suna ba tambari, ka ɗaga shi ka ji kamar gwangwanin madara da aka shanye. Abin da yake sabo a duk cikin kayan nan shi ne akwatin waje da fitilunsa.

Shi ya sa na ce bari in yi magana a nan, don na san ba shi kaɗai ba ne. Matsayina a fili yake: duk wanda zai zuba kuɗin guminsa a kwamfutar gem a ƙasar nan, ya sayi kayan ciki ɗaya bayan ɗaya ya haɗa da kansa, ko ya tsaya a haɗa a gaban idonsa. Sayen rufaffen akwati cinikin biri a sama ne.

Mu fara da sunan da ake ruɗin mutane da shi. Kalmar i7 ba ta gaya maka komai ba sai ka ji lambar da ke bayanta. Kamfanin Intel ya shafe shekaru yana fitar da i7 zubi bayan zubi, kuma lamba ɗaya ko biyu na farko su ne ke nuna zubin. Kamar mutum ne ya ce zai sayar maka da Corolla bai faɗi shekara ba. Ƙaramin i3-12100 da ya fito a 2022 ya fi wancan i7 na 2013 gudu nesa ba kusa ba, amma mai shago ya san kunnen yaro i7 yake son ji. Kuma akwai abin da ba za a gaya maka ba: Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 na Intel yake farawa, Windows 10 kuma Microsoft ta daina yi masa hidimar da aka saba tun 14 ga Oktoba, 2025. Wato ka biya kuɗin sabon abu, an miƙa maka wanda masu shi suka riga suka yi wa sallama.

Katin hoto kuwa, wanda shi ne zuciyar kwamfutar gem kuma shi ya fi cin kuɗi, nan ne ake rufe kura da fatar akuya. RX 580 ya fito a 2017, kuma yana cikin katunan da masu haƙar kuɗin kirifto suka fi saya. Suna jera su da yawa a ɗaki ɗaya, suna aiki dare da rana ba hutu. Da Ethereum ta daina amfani da haƙa a watan Satumba na 2022, sai aka kwaso katunan nan aka zube a kasuwannin duniya da araha, wani kaso ya gangaro mana. Ba na cewa duk katin da aka yi haƙa da shi matacce ne. Wasu suna da sauran kwana sosai. Amma wanda ya san tarihin kaya shi ke taya su da farashin da ya dace, wanda aka rufe wa su a akwati kuwa farashin sabo yake biya. Akwai ma wanda ya fi wannan muni: a ɗauko tsohon kati irin GTS 450 na 2010, a sauya masa bayanin ciki yadda in ka kunna kwamfuta za ta nuna maka GTX 1050 Ti. Idonka ba zai gane ba. Manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce, takan tona irin wannan asiri, amma wa zai bar ka ka gwada in ba kai ka nace ba?

Yanzu ga inda na fi so a saurare ni, batun akwatin wuta, abin da masu gyara ke ce wa fawa saflai. Shi ke karɓar wutar bango ya raba wa kowane sashe daidai abin da yake buƙata. Ba ya ƙara wa gem kyau, ba a ganinsa a hoton talla, ba mai tambayar sunansa. Saboda haka shi ne wuri na farko da mai haɗa kaya don sayarwa yake tsuke hannu. A Ingila ko Jamus, inda wuta take zaune lafiya, mai arahar zai iya lallaɓawa ya kai shekaru. Mu fa? Wutar Nepa ta zo ƙasa-ƙasa, ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi, a tada janareta, a juya canji, mai ya ƙare injin ya yi tari kafin ya mutu. Duk wannan a ƙirjin akwatin wutar yake sauka. Mai kyau yana da kariya a ciki, in abu ya ɓaci sai ya kashe kansa ya tsare sauran kayan. Na banza in zai tafi ba ya tafiya shi kaɗai, yakan ja madabod ko katin hoto su tafi tare. Ka sayi mai suna, irin su Corsair ko Seasonic, mai tambarin 80 Plus, wanda ke nufin aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya sha yana kai ta ga aiki, ragowar ce kawai ke tafiya a zafi. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne tun da aka kai kuɗin wutar 'yan Band A naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024. Kwamfutar da ke jan wat 400, in ta yi awa biyar ta sha yunit biyu. Lissafa na wata ka gani.

Na san abin da za a ce mini. Na farko, haɗaɗɗiya tana da garanti. Wane garanti? Ka karanta rasidin da kyau. Sau da yawa na 'yan kwanaki ne ko makonni, kuma ranar da ka mayar da kaya amsar ɗaya ce: wutar gidanku ce ta ƙona. Kai kuma ba ka da ta cewa, tunda ba ka san me ke ciki ba balle ka san me ya lalace. Wanda ya sayi kayansa ɗaiɗai yana da rasidin kowanne, in RAM ta samu matsala RAM zai cire ya mayar, ba ya ɗauki akwati gaba ɗaya ya hau danfo ya bar shi a shago mako uku, ya dawo bai san ko an musanya masa wani abu ba.

Na biyu, ban iya ba, ina tsoron ɓata kaya. Wannan uzuri ne mai ma'ana, amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Sassan da za ka haɗa ba su wuce bakwai ko takwas ba, kuma an ƙera su yadda kowanne ramin kansa kawai yake shiga. Sukundireba ɗaya ya isa. Wuri ɗaya ne ke son nutsuwa ƙwarai, wajen zaunar da furosesa, saboda ƙananan allurai da ke lanƙwashewa in aka danna da ƙarfi. Yaran da ke buɗe waya su canza mata gilashi a bakin titi suna aikin da ya fi wannan wuya sau goma. In kuma duk da haka hannunka na rawa, ba laifi. Je Computer Village a Ikeja, ko Banex in kana Abuja, ka zaɓi kayanka da kanka, a buɗe kwali a gabanka, ka biya mai gyara ladan haɗawa kana zaune kana kallo. Ni a wurina wannan ma haɗa naka ne. Ba riƙe sukundireba nake wa'azi ba, sanin abin da ka biya kuɗinsa nake nufi.

Na uku, wani lokaci haɗaɗɗiya ta fi araha. Wannan na yarda ya taɓa faruwa. A 2020 da 2021, lokacin da katin hoto ya yi ƙaranci a duniya, akwai waɗanda suka sayi kwamfuta sukutum don kawai su samu katin da ke ciki. Kuma sabuwa dal daga babban kamfani, a kwalinta, ba ɗaya take da haɗin bayan kanti ba. Sai dai ita ma tana da nata. Da yawan kwamfutocin manyan kamfanoni, musamman ƙananan na ofis irin Dell OptiPlex da ake shigowa da su tokunbo a liƙa musu kati a kira su na gem, madabod ɗinsu da soket ɗin wutarsu na gidansu ne kaɗai. Ranar da ka so ƙara babban kati sai ka tarar akwatin ya yi kaɗan, wutar ba ta isa, kuma na kasuwa ba ya shiga sai da dabara.

Wannan batu na ƙari shi ne ya fi shafar aljihunmu. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500 a 2024, kuma duk kayan nan da dala ake shigo da su. Waye a cikinmu zai iya canza kwamfuta gaba ɗaya duk bayan shekara uku? Wanda ya haɗa nasa yana tafiya ne a hankali kamar mai ginin gida: bana ya sa harsashi mai kyau, baɗi ya ƙara RAM, wata shekarar ya canza kati. Dubi soket ɗin AM4 na kamfanin AMD. Ryzen na farko ya hau shi a 2017, kuma madabod da yawa na wancan lokaci, bayan an sabunta musu manhajar ciki, sun karɓi Ryzen 5 5600 da ya fito a 2022. Mutum ya cire abu ɗaya ya sa wani, kwamfutarsa ta koma yarinya.

Ku kuma samarin da ke kwana a YouTube, kada ku ɗauka na ba ku gaskiya duka. Wanda kuke kallo a Amurka yana da wuta awa ashirin da huɗu da ɗaki mai sanyi. Kai kana ɗaki ɗaya da fankar sama, ga zafin Maris, ga ƙurar hunturu. Ka bar sanyaya ta ruwa da fitilun ado, ka nemi akwati mai shan iska, ka ware kuɗin UPS tun a lissafin farko, ba sai kaya sun ƙone ba. RAM kuma guda biyu masu giga 8 sun fi guda ɗaya mai 16 aiki, SSD ya fi tsohon faifai mai juyi. Iyaye kuma, kafin ku ce ai wasa ne kawai, wannan injin shi ne dai wanda ake haɗa bidiyo da zanen gini da shi. In za ku taimaka da kuɗi, ku ce yaro ya kawo jerin sassan a rubuce, kowanne da cikakkiyar lambarsa da farashinsa.

Shi dai ɗan ƙanen nawa mun koma shagon tare, aka ce kwanakin garanti sun wuce. Mun sayi sabon akwatin wuta, na kwance katin na share ƙura na sa masa sabon man sanyaya, mun canza fankar da ke ƙara. Kwamfutar ta daina ɗaukewa. Furosesar da madabod ɗin kuwa ba abin da za a iya yi musu, sai ya sake shiga adashi. Jiya ya turo mini jerin abin da yake son saya in duba masa, kuma na ga akwatin wuta ya rubuta a layin farko.