Badaƙalar Mita: Tsakanin Kamfanonin Wuta Da 'Yan Kwangila, Wa Ya Ci, Wa Ke Biya?

A watan Yulin 2022, Babban Bankin Nijeriya ya garzaya Babbar Kotun Tarayya da ke Lokoja, yana neman a rufe asusun banki 157 na wasu kamfanoni goma masu samar da mitar wutar lantarki har tsawon kwana 180, domin ya kammala bincike a kansu. Zargin da bankin ya yi shi ne, kamfanonin sun karɓi kuɗin da aka ware domin sanya wa jama'a mita kyauta, sannan suka karkatar da kaso mai tsoka zuwa wasu hidimomi na daban, ta hannun wasu kamfanoni da mutanen da ke da alaƙa da su. Daga cikin sunayen da aka ambata akwai Mojec da Holley Metering da Protogy da Turbo Energy da kuma Cresthill Engineering.

Lokoja na da nisa daga Gusau, kuma a wancan lokacin hankalin mutanen Zamfara na kan ta'asar 'yan bindiga da guguwar zaɓen 2023, don haka labarin ya zo ya wuce ba tare da ya tayar da ƙura a nan ba. Sai dai mai injin markaɗe a Furfuri, da tela a Tsafe, da mai sayar da ƙanƙara a Tudun Wadar Gusau, da ma'aikacin da ke zaman haya a Bunguɗu, duk wanda ake kawo wa takardar kuɗin wuta ta ƙiyasi a ƙarshen wata, yana da ruwa da tsaki a cikin wannan magana, ko ya ji ta ko bai ji ba.

Asalin lamarin ya faro ne daga ƙarshen watan Oktoban 2020, lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da shirin raba mita ga jama'a a faɗin ƙasa, jim kaɗan bayan ƙarin kuɗin wutar da ya harzuƙa ƙungiyoyin ƙwadago. An tsara cewa zangon farko zai samar da mita miliyan ɗaya, na biyu kuma miliyan huɗu. Babban Banki, a ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya ware wa zangon farko kimanin Naira biliyan 59. An kuma gindaya sharaɗin cewa mitar da aka ƙera ko aka harhaɗa a cikin gida za a saya, domin masana'antun ƙasa su ma su amfana.

A nan ne ya kamata mai karatu ya lura da wani abu da sau da yawa ake tsallakewa. An kira mitar “kyauta”, amma kuɗin ba kyauta ba ne. Bashi ne aka ba kamfanonin rarraba wuta guda goma sha ɗaya, da ruwan da ya kai kashi 9 cikin ɗari, za su biya cikin shekaru. Su kuwa waɗannan kamfanoni ba su da wata hanyar samun kuɗi da ta wuce abin da suke karɓa daga hannun masu shan wuta. Ke nan, wanda aka sa wa mita yana biyan bashin, wanda ba a sa wa ba shi ma yana biya. Idan kuma har ta tabbata an karkatar da wani abu daga ciki, to shi ma wannan ɓangaren a wuyan mai shan wuta yake. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Dole a yi wa kamfanonin da aka ambata adalci. Neman rufe asusu mataki ne na bincike, ba hukunci ba ne, kuma zargi bai zama laifi sai kotu ta tabbatar. Haka kuma masu harhaɗa mita a Nijeriya suna da tasu hujjar da ba za a yi watsi da ita ba: mafi yawan kayan cikin mita daga waje ake shigo da su, da Dala ake saye, alhali kwangilar da Naira aka ƙulla ta a kan farashin da hukuma ta ƙayyade. A shekarun 2021 da 2022 samun Dala a farashin gwamnati ya zama sai mai uwa a gindin murhu. Ɗan kwangilar da ya tura kuɗi ta wani kamfani domin neman Dala a kasuwar bayan fage yana iya cewa aikin yake ƙoƙarin kammalawa, mai bincike kuma ya ce karkatarwa ce. Abin da zai raba gardama ɗaya ne tak: mita nawa aka biya kuɗinta, nawa kuma aka kafa a bangon gidajen mutane.

To amma wannan ƙidayar ba a hannun ɗan kwangila kaɗai take ba. Kamfanin rarraba wuta ne ya ci bashin, shi ya zaɓi wanda zai kawo masa kayan, shi ke karɓar su a rumbunsa, shi ke nuna unguwar da za a kafa, kuma shi ke shigar da lambar kowace mita cikin na'urarsa kafin a iya sayen wuta da ita. Hukumar NEMSA ce ke gwada ingancin mitar, hukumar NERC kuma ke sa ido a kan harkar baki ɗaya. Da wuya kuɗi su zurare ta wannan doguwar hanya ba tare da wani ya sa hannu a takardar da bai kamata ya sa ba, ko ya kau da kai inda ya kamata ya duba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin mamaki shi ne yadda buƙatar da aka kai Lokoja ta tsaya a kan asusun 'yan kwangila, alhali waɗanda suka ci bashin da waɗanda suka tantance aikin su ma suna da bayanin da ya kamata a ji.

Akwai kuma dalilin da ya sa ba a sa ran kamfanin wuta ya zama mai tsananta wa ɗan kwangilarsa. Mita tana ɗaure hannun kamfani. Wanda ke da ita, abin da ya sha kawai zai biya. Ranar da aka ɗauke wuta, kuɗinsa na nan a ajiye. Wanda ba shi da ita kuwa, abin da aka rubuto masa shi ne bashinsa, kuma a kansa ake iya sauke asarar da aka yi ta lalatattun wayoyi da satar wuta. Wannan ba zato ba ne. A watan Fabrairun 2020 NERC ta ƙayyade iyakar abin da za a iya ƙiyasta wa marar mita, gwargwadon abin da masu mita a yankinsa ke sha. Shekara huɗu bayan haka, a Fabrairun 2024, hukumar ta sanar da cewa duka kamfanonin goma sha ɗaya sun ƙetare wannan iyaka, sun zabga wa marasa mita ƙarin kimanin Naira biliyan 105 tsakanin Janairu da Satumban 2023. Ta ci su tarar Naira biliyan 10.5, ta kuma umarce su da su mayar wa mutane rarar. Kamfanin da ke samun irin wannan daga rashin mita ba zai kwana da baƙin ciki ba don ɗan kwangila ya yi jinkirin kawo ta.

A Zamfara lamarin ya haɗu da wata larurar. Jihar tana ƙarƙashin kamfanin Kaduna Electric ne tare da Kaduna da Kebbi da Sakkwato, kuma kamfanin ya daɗe yana fama da kansa. Shi ne na ƙarshe da aka miƙa wa 'yan kasuwa, a Disambar 2014, fiye da shekara guda bayan sauran. A watan Yulin 2022, wato watan da Babban Banki ya je kotu, bankunan da ke bin masu kamfanin bashi, Fidelity da Afrexim, suka karɓe hannayen jarin da aka jinginar musu, aka sauya shugabanni. A Janairun 2024 kuma NERC ta rushe hukumar gudanarwar kamfanin saboda bashin da ya kai Naira biliyan 110, ta naɗa Dakta Umar Hashidu ya riƙe shi. Cikin wata goma sha takwas an sauya masu riƙon ragama sau biyu. A irin wannan yanayi, wanda ya ƙulla kwangila daban, wanda ya karɓi kaya daban, wanda za a tambaya yau kuma daban, kowa yana da inda zai nuna da yatsa. Rahotannin NERC sun sha sanya Kaduna da Kano da Jos da Yola a sahun ƙarshe wajen yawan masu mita, a ƙasar da ko a ƙarshen 2024 waɗanda ke da ita ba su kai rabin masu rajista ba.

Ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba. Ƙasa da manyan asusun banki akwai ƙaramar badaƙala wadda ita talaka ya fi sani. A lokacin rabon, ƙorafi ya yi yawa a sassan ƙasar nan cewa masu kafa mitar suna neman “na goro” kafin su hau tsani, har sai da NERC ta riƙa fitar da sanarwa cewa kada kowa ya biya ko sisi. Haka ma batun karo-karon da unguwanni ke yi domin sayen taransifoma ko falwaya ko waya, wanda hukumar ta sha nanata cewa nauyin kamfani ne, amma jama'a na yi domin sun san in ba su yi ba za su daɗe a duhu. Gaskiya kuma ɗaya ce, su ma masu shan wutar ba duka ne tsarkaka ba. Akwai masu zagaye mita da waya, akwai masu jona wuta da dare su cire da asuba, akwai ma'aikatun gwamnati da suka tara bashin shekaru. Galibi kuwa mai zagaye mitar nan, wanda ya san aikin ne ya yi masa, an kuma biya shi.

Abin da dambarwar ta jawo ya fi kuɗin da ake magana a kai. Zangon farko ya kusa cika miliyan ɗayan da aka yi alkawari, amma zango na biyu, mai mita miliyan huɗu, wanda shi ne zai isa garuruwa irin su Tsafe da Bunguɗu da yawa, bai taɓa tashi ba. An dakatar da Emefiele a Yunin 2023, sabon shugabancin Babban Banki kuma ya ce ya janye hannu daga irin wannan rabon bashi. Mai son mita sai ya koma tsohon tsarin saye da kuɗinsa, a biya shi sannu a hankali da wuta. Farashin kuwa ya gudu: ƙaramar mita da ke kusan Naira 45,000 lokacin da aka fara shirin ta koma Naira 58,661 a ƙarshen 2021, ta kai Naira 81,975 a Satumban 2023, sannan a 2024 aka sakar wa kasuwa farashin. Ma'aikacin jihar Zamfara da sai a tsakiyar 2024 aka fara biyansa mafi ƙarancin albashi na Naira 30,000, sai ya haɗa albashin watanni kafin ya mallaki abin da aka ce masa kyauta ne shekara huɗu da suka wuce.

Masana'antun gida ma sun ɗanɗana kuɗarsu. Da aka zo sayen mita da bashin Dala miliyan 500 na Bankin Duniya, masu harhaɗawa a gida sun yi ta kokawa a 2023 cewa an tsara sharuɗɗan ne yadda ba za su iya shiga ba, daga ƙarshe kuma manyan kwangilolin suka tafi ga kamfanonin ƙasar Sin. Koken nasu yana da tushe, domin aikin yi ne ke fita daga ƙasa. Amma zargin 2022 da aka bari yana lilo ya raunana bakinsu, ya shafa wa mai gaskiya da marar gaskiya a cikinsu baƙin fenti ɗaya.

A watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata babban layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin da ke biyowa ta Benuwai shi ma ya faɗi, Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. Gusau, wadda wutarta ke zuwa ta layin Funtuwa, ba ta tsira ba. Mai mita ya yi asarar ciniki, amma kuɗin wutarsa bai taɓu ba. Marar mita kuwa sai dai ya dogara da cewa za a bi ƙa'idar ƙiyasi a rage masa, ƙa'idar da hukumar da ta kafa ta da kanta ta ce an taka ta wata tara a jere a shekarar da ta gabata.

A 2025 wani kwamitin haɗin gwiwa na Majalisar Wakilai ya sake buɗe littafin shirin, inda ya ce an fitar da kimanin Naira biliyan 55 daga cikin 59 ɗin, ya kuma nemi bayani daga Babban Banki da NERC da kamfanonin rarrabawa. Cewa shekara uku bayan zuwa Lokoja majalisa na tambayar yadda aka kashe kuɗin, ya isa ya nuna inda aka kwana. 'Yan Nijeriya sun ga irin wannan zama tun binciken kuɗin wutar lantarki na 2008, saboda haka ba a ga laifin wanda bai ɗora buri a kai ba.

Sai dai wannan binciken ya fi wancan sauƙi, domin mita ba kamar ramin tashar wuta ba ce da za a yi ta musu a kan kashi nawa aka haƙa. Kowace tana da lamba, kowace lamba tana haɗe da suna da adireshi da taransifomar da take shan wuta. Wakilan Zamfara a majalisa, musamman masu wakiltar Gusau da Tsafe da Bunguɗu da Maru, suna da hurumin neman a buga jerin mitocin da aka biya kuɗinsu da sunan jihar, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, tare da sunan ɗan kwangilar da ya kawo da ranar da aka kafa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na ƙwadago a Gusau suna iya ɗaukar wannan jeri su bi shi unguwa-unguwa cikin 'yan makonni.