Bakin Mutane Ba Sikeli Ba Ne

A watan jiya, bayan an tashi daga taron ƙungiyar manoma a wata ekklisiya da muke zagayawa, wata uwa ta dakata har kowa ya watse, sa'an nan ta matso ta ce, "Malam, ina so in ajiye maganar likitan nan. Na gaji da bakin mutane."

Mun san ta da daɗewa. Ita ce ma'ajiyar ƙungiya, tana kuma tuyar ƙosai a bakin kasuwa. Bara waccan aka gwada ta a asibiti, aka tarar tana da ciwon suga da hawan jini. Nauyinta a lokacin kilo 90 ne. Likita ya ba ta magani, ya kuma ce ta rage jiki. Ta yi biyayya. Ta bar lemon kwalba, ta rage malmalar tuwo ta ƙara miyar ganye, ta koma zuwa gona da ƙafa maimakon hawa babur. Cikin shekara guda da 'yan watanni ta sauko zuwa kilo 72. Gwiwoyinta sun daina ciwo, ta daina tashi fitsari sau biyar da dare, likita ma ya rage mata magani.

Da a ce amfanin gona ne ya yi kyau haka, da an zo ana yi mata barka. Amma ga abin da ta samu. A ƙofar majami'a ana riƙe mata hannu ana cewa, "Wayyo Mama, me ya same ki haka?" Dangin mijinta suka ce wa maigidan, "Ko rumbunka ya ƙare ne?" Waɗansu suka ce an sa mata hannu. Waɗansu suka riƙa raɗa cewa ciwon zamani ne, har masu sayen ƙosanta suka ragu. Ƙanwar mijinta kuwa, don ƙauna, ta kawo mata ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe" a ƙulle cikin leda.

Ba ita kaɗai ba ce. Mun sha jin irin wannan daga maza da mata a ƙungiyoyinmu, shi ya sa muka ga ya kamata mu yi magana a fili. Ra'ayinmu shi ne, wanda ya rage ƙiba bisa shawarar likita ya yi abin kirki, bai kamata ya koma baya saboda surutu ba, mu kuwa da muke surutun, mu ne ya kamata mu gyara.

Daga ina maganganun suke fitowa?

Kada mu yi saurin cewa duk mai magana mugu ne. Idonmu ya ga abin da ya koya mana tsoron rama. Dattawanmu ba su manta da farin 1973 ba, da na 1984, sa'ad da shanu suka faɗi, mutane suka bar garuruwansu neman abinci. Bayan haka ga kanjamau, wadda aka fara ba da labarinta a Nijeriya a 1986. A shekarun da babu magani, alamar da kowa ya sani ita ce mutum ya bushe a tsaye. Tarin fuka ma haka yake yi. Saboda haka a wurinmu rama ta zama 'yar'uwar yunwa da ciwo, ƙiba kuwa ta zama shaidar cewa gida da abinci, miji yana riƙo, hankali a kwance. Amarya in ta yi wata uku ba ta murje ba, sai a fara tambayar ango.

Amma zamani ya juya. Iyayenmu mata suna surfe da daka da niƙa a dutse, su ɗebo ruwa daga rafi, su tafi kasuwa da ƙafa. Yau ga injin niƙa, ga babur, ga maganin ciyawa ya rage noma da fartanya. Waɗannan abubuwa ne masu kyau, mu da kanmu muka yi ta koyar da waɗansunsu. Sai dai gumin ya ragu, cin bai ragu ba, an ma ƙara da farar shinkafa, da taliya, da burodi, da shayi mai suga cokali huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da ƙiba mai yawa. Ciwon suga da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, waɗanda dā muke ce musu ciwon masu kuɗin birni, yanzu sun shigo har ƙauye. Tsoronmu na dā yana nan, amma hatsarin ya sake kama.

Mu tambayi gonarmu

Kowane manomi ya san bambancin san turke da san noma. Wanda za a kai kasuwa ana ɗaure shi wuri ɗaya, a cika shi da dusa da harawa har wuyansa ya yi taiba. Wanda zai ja garma kuwa ana so ya ƙoshi, amma jikinsa a ɗaure. In ka ɗaura wa san turke karkiya, kafin ya gama kunya goma ya fara haki. Masu kiwon kaji kuma sun sani, kazar da ta cika kitse takan rage ƙwai. To, me ya sa muka san wannan a kan dabba, amma a kan ɗan'uwanmu muke auna lafiya da faɗin jiki?

Masana sun gwada abin. A Amurka an bi mutum fiye da 3,000 waɗanda sugansu ya fara hawa, aka fitar da sakamako a 2002. Waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma yi tafiyar ƙafa ta minti 150 a mako, hatsarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin 100. A Birtaniya kuma, a 2017, aka ba da sakamakon wani gwaji a kan masu ƙiba waɗanda ba su daɗe da kamuwa da ciwon ba. Cikin waɗanda aka sa su rage jiki a hannun ma'aikatan lafiya, kusan rabi sugansu ya daidaita ba tare da magani ba bayan shekara guda. Ba a ce ciwon ya tafi har abada ba, gama in ƙibar ta dawo, yakan dawo. Wannan kuwa shi ne abin da surutunmu yake tura uwar nan ta yi.

Ga wani gwaji da ba ya bukatar kuɗi. Ɗauki igiya ka auna tsawonka daga ƙasa zuwa ka, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita wajen cibiya. In ta kasa haɗuwa, tumbin ya wuce kima. Uwar da muke magana a kanta, wadda ake cewa ta ƙare, da ƙyar igiyar ta haɗu mata har yanzu.

Ga wanda ake yi da shi

Da fari, ka tabbata ramarka ta lafiya ce. Akwai rama iri biyu. Wadda ka nema da kanka, ta zo a hankali, kana cin abinci, kana da ƙarfin aiki, ita ce mai kyau. Wadda ta zo ba ka neme ta ba, musamman in da tari fiye da mako biyu, ko gumin dare, ko zawo mai daɗewa, ko ƙishi da yawan fitsari, wannan ta asibiti ce, kada a ɓata lokaci. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin da gwamnati ta keɓe, yakan ɗauki wata shida. Mai kanjamau kuma in yana shan maganinsa kullum yakan yi shekaru yana nomansa kamar kowa. In ka gwada ka san matsayinka, raɗar mutane ba za ta hana ka barci ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na biyu, ka shirya amsa gajeriya, ka faɗe ta da fara'a. "Na gode, Baba, lafiyata ƙalau. Likita ne ya ce in rage, na kuwa ji daɗin jikina." Shi ke nan, sai ka tambaye shi labarin gona. Ba tilas ba ne ka buɗe wa kowa katin asibitinka a bakin hanya. Yawan bayani yakan ƙara wa mai tsegumi abin ɗauka.

Na uku, ka rarrabe masu magana. Akwai mai ƙauna da ya tsorata, kamar uwa ko suruka. Wannan a zauna da ita a gida, a yi mata bayani da ladabi, in ya yiwu a tafi da ita ranar awo ta ji daga bakin malamin asibiti. Akwai mai tsegumi, wanda in ka yi ƙiba zai ce kana cin kuɗin ƙungiya, in ka rame ya ce alhaki ne. Wannan ba ka da abin da za ka yi ya gamsu, kada ka sayar da lafiyarka don ka saya masa shiru. Akwai kuma wanda ramarka ta tsone masa ido domin shi ma likita ya faɗa masa haka, bai iya ba. Wannan a yi masa haƙuri, wataƙila gobe shi ne zai zo tambaya.

Na huɗu, kada ka taɓa ƙwayoyin sa ƙiba. Da yawa cikinsu irin maganin nan ne da ake kira dexamethasone, wanda likita yakan bayar don waɗansu cututtuka dabam. In an sha shi barkatai yakan kumbura fuska, ya ta da suga, ya ta da jini, ya raunana ƙashi. Ga mai ciwon suga, wannan zuba kananzir ne a wuta. Haka kuma shayin rage ƙiba da ake talla a kasuwa da motoci, yawancinsa zawo kawai yake sawa. Mai shan maganin suga kuma kada ya rage abinci da kansa ba da sanin likita ba, gama sugan yana iya faɗuwa ƙwarai har ya suma.

Na biyar, ka yi tsaron bakinka kai ma. Mun ga waɗanda suka rage jiki suka zama masu wa'azi a kan kwanon kowa. Wanda aka yi wa dariya jiya don ya rame, bai kamata ya yi wa wani dariya yau don ya yi ƙiba ba.

Ga sauranmu

Nan ne babban aikin yake. Manzo Yaƙub, a sura ta uku ta wasiƙarsa, ya kwatanta harshe da 'yar wutar da take cinye babban jeji. Mu da muke faɗa da ƙunar daji kowace kaka mun san ma'anar wannan. Wanda ya fara cewa "ko ciwon zamani ne?" bai yi nufin kashe kasuwar ƙosai ba, amma magana zarar bunu ce. Kalma ɗaya ta taɓa cinikin mace, ta taɓa mutuncin mijinta, ta kusa mai da ita cikin ciwon da ta fita. In kuwa da gaske mutum yana da kanjamau ko tarin fuka, ashe raɗa ce magani? Irin wannan raɗa ita take sa marasa lafiya su ɓuya a ɗaki har lokaci ya wuce.

In ramar ɗan'uwa ta dame ka, hanyar da aka koya mana a Matiyu sura 18 ta isa misali, watau ka same shi shi kaɗai. Ka tambaye shi sau ɗaya, "Yaya jiki? Ka ga likita?" In ya ce ya gani, ka gaskata shi. In bai gani ba, ka ce za ka raka shi, in da hali ka biya kuɗin mota. Wannan ita ce damuwar da take da amfani.

Muna roƙon maza su tsaya wa matansu. Kalma ɗaya daga maigida a gaban danginsa, "Ni na san abin da likita ya ce, ina kuwa goyon bayanta," ta fi bayanin matar sau goma. Muna roƙon zumuntar mata, in ana biki ko taron godiya, kada a tilasta wa mai ciwon suga lemon kwalba da sunan karamci. A ajiye ruwa, ko zoɓo marar suga. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su gayyaci ma'aikacin lafiya ko sau biyu a shekara ya auna jinin membobi. Sikelin da muke auna masara da waken suya da shi zai iya auna mu mu ma. Abincin da ake bukata kuma yana gonakinmu: dawa, gero, acca, wake, zogale, rama, yakuwa, kuka, kuɓewa. Gishiri kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya ga mutum a yini, a haɗa da wanda yake cikin dunƙulen miya.

Kada kuma a juya maganarmu. Ba mu ce kowa ya rage ci ba. A ƙauyukanmu da yawa tamowa tana nan tana cin yara. Yara, da mata masu ciki, da masu goyo, da wanda ya tashi daga ciwo, su ƙari suke bukata. Abin da muke nema shi ne kowa ya sami jikin da zai iya aiki da shi, ya yi wa iyalinsa da Ubangijinsa hidima.

Uwar nan ba ta ajiye maganar likita ba. Mun tafi tare da mai bishara muka zauna da maigidanta da ƙanwarsa, aka zubar da ƙwayoyin a masai. Masu sayen ƙosai ba su gama dawowa ba tukuna, wannan kuwa bashi ne a wuyan waɗanda suka yi raɗar. A taronku na wannan wata, muna roƙo ku ɗauki minti goma ku tambayi juna: akwai wanda bakinmu ya sa ya daina zuwa sujada ko taro? Wa zai tafi ya gaishe shi cikin makon nan?

Allah ya ba mu lafiya, ya kuma ba mu ikon riƙe harshenmu. Amin.